Ranar da Kiɗan Yaya Ya Je Gona

Su uku ne tun farko, har yau kuma ba su zama huɗu ba. Yayana shi ne mai kwamfuta. Ɗan ƙanin Baba yana danna wata 'yar piyano ta hannu da aka sayo a Kano. Na ukun abokinsu ne mai gyaran waya a kasuwar Tsanyawa, shi ke kula da lasifika, kuma shi kaɗai ne mai dariya a cikinsu. Kiɗansu na inji ne zalla, na rawa, babu muryar kowa a ciki. Shi ya sa mutanen garinmu suke ce musu bebayen makaɗa.

Ni dai ina son kiɗan. In na dawo hutu daga makarantar kwana, nakan jingina da bayan shagon Yaya ina tsinke zogale, bangon yana motsi kaɗan-kaɗan a bayana kamar an kulle wata ƙatuwar zuciya a ɗakin. Abin da na fi so shi ne tsakiyar kiɗan. Ana cikin dukan ganga sai komai ya ɗauke, ya rage wani siririn sauti da zai yi ta hawa, yana hawa, sannan gangar ta faɗo gaba ɗaya. Haka gari yake yin tsit kafin ruwa ya sauko.

Sai dai kiɗan bai taɓa kawo ko gishiri gida ba. An taɓa gayyatar su biki wajen Kunci. Uwar ango ta ce a kira sunanta, Yaya ya ce su ba sa kiran suna. 'Yan mata suka ce a sa musu waƙoƙin fim, ya ce ba sa kunna na wani. Kafin la'asar an sallame su. Wani mai neman kansila ya aiko a yi masa waƙa, suka aika masa da kiɗa mai daɗi ba ko kalma, mutumin ya dawo da shi ya ce an manta ba a sa shi a ciki ba.

A wata damina ciyawa ta ci ƙarfin babbar gonar Baba, ya kira gayya. Tsohon da ya saba kaɗa wa manoma ganga hannunsa ya fara rawa, 'ya'yansa sun ɗauke shi zuwa Gezawa. Baba ya tsaya a ƙofar shagon Yaya, bai shiga ba.

"Kiɗan da bai tada biki ba, bari mu ga ko zai tada fartanya," in ji shi. "In bai tayar ba, buhunan taki ne za su koma shagon nan, solar da ke ba ku wuta kuma ta dawo zaure."

Yaya ya durƙusa ya ce to. Ba sola ba shago, kowa ya san ƙungiya ta watse ke nan.

Inna tana ji, ta ci gaba da aikinta. Yaya ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta shiga maganarsa, in an yabe shi ma sai ta tashi duba tukunya. Da na matsa mata, cewa ta yi ai taki ma yana son ɗaki.

Ranar gayya amalanken shanu ne ya kai lasifika da batir gindin ɗorawa. Ni aka ɗora wa ruwan sha. Maza sun jeru a bakin kunyoyi, a gabansu ƙanin kakanmu, wanda muke ce wa Kaka, tsoho mai ƙarfi da ba ya ganin jika ya ƙyale. Ya zagaya lasifikar yana tambaya a wace kafaɗa ake rataya wannan gangar, kuma wace akuya ce aka feɗe mai baƙar fata haka.

Da kiɗan ya tashi dariya ta tsaya. Dukan ya zo daidai da saran fartanya kamar an auna. Bayan mutane ya sunkuya, ƙasa ta fara juyawa baƙa, ƙamshinta ya taso. Na ga Baba yana gyaɗa kai, da ya ga ina kallo ya daina.

Sai shirun ya zo.

A wajenmu gangar gayya ba ta yin shiru sai fura ta iso. Ko yaro ya san wannan, amma a cikin makaɗan nan uku ba wanda ya tuna. Fartanyoyi suka zube. Maza suka nufo ɗorawa suna karkaɗe hannu, wani har ya cire hula ya miƙe ƙafa. Suka duba, ba komai sai ni da jarkar ruwa. Suna cikin dube-dube gangar ta faɗo musu a ka. Wanda ya zauna kusa da lasifika ya yi tsalle ya bar takalmi ɗaya.

"Kai jikan nan," in ji Kaka, "wane irin makaɗi ne zai kira mutum ci, ya zo ya kore shi?"

Aka koma ana dariya. Da shirun ya sake zuwa, aka sake tahowa, don ƙafa ta riga kai ji. Wannan karon dariyar ta ragu. Wasu suka zauna suka ce ba za su tashi ba sai sun ga ƙwarya da idonsu. Rana tana hawa, ciyawa kuma tana nan shimfiɗe har iyakar gona.

Baba ya matsa kusa da Yaya ya ce masa a hankali ya cire shirun nan. Yaya, kansa a ƙasa, ya ba da haƙuri, ya ce ba ya ciruwa, in an cire shi kiɗan ba nasu ba ne. Mai piyano ya roƙe shi, ya tuna masa da sola. Mai gyaran waya ya juya baya yana ɓoye dariya. Baba ya dubi gonar, ya dubi ɗansa, ya ɗauki fartanyarsa ya koma noma shi kaɗai.

Na bar jarkar na ruga gida. Na sami Inna tana dama fura a babbar ƙwarya, na kwashe labari na faɗa mata. Ta ce ita ina ruwanta. Ta ci gaba da damu. Can ta tambaye ni ko shirun yana daɗewa. Na ce kamar yadda gari ke riƙe numfashi ne in hadari ya haɗu.

"Ban tambaye ki waƙa ba. Ya isa mutum ya sha ludayi biyu?"

Na ce ya isa.

Ta aika aka kira 'yan matan maƙwabta, ta rarraba furar a ƙananan ƙorai, kowace da ludayinta. Ta ce kada mu je gindin ɗorawa, mu jeru a ƙarshen kunyoyi. Har mun kai zaure ta kira ni.

"Ki gaya wa wancan mai taurin kan ya ɗaga ido ya dubi mutane. Kada ya yi shirunsa sai sun kai ƙarshen kunya."

Na isar da saƙon yadda aka ba ni, har da taurin kan. Yaya ya juya kwamfutar gefe. Ranar na fara ganin yana kiɗa yana kallon wani abu ban da gilashinta.

Da maza suka hango mu da ƙorai a can nesa, ba wanda ya jira roƙo. Yaya ya ja dukan, ya ja, sai da na ƙarshe ya kai bakin kunyarsa, sannan ya ɗauke. Suka miƙe, ga fura a gabansu. Siririn sautin yana hawa, su kuma suna kurɓa da sauri suna hararar juna, kowa ya ajiye ludayi ya kama ƙota ya ɗaga. Gangar ta faɗo, fartanyoyi suka faɗi tare da ita, har na ji a tafin ƙafata. Kaka ya goge gemu ya ɗaga wa Yaya hannu ya ce yanzu bebe ya yi magana.

Kafin la'asar an gama gonar. Da yamma Baba ya bi ta ƙofar shagon, bai tsaya ba, ya ce gonar kawunmu ta fi tasa ciyawa, jibi ne gayyarsa. Taki ya ci gaba da zama a zaure. Inna kuwa ta yi ta mita cewa wannan kiɗa ya fi fari cin gero.

Daga nan suka yi ta bin gayya ƙauye-ƙauye, matan kowane gida sun san in bebaye za su zo a tanadi ƙananan ƙorai. Da maganin feshi ya yawaita gayya ta yi ƙaranci, amma kafin nan kiɗan ya riga ya shiga wayoyi, daga wannan zuwa waccan. Har yau ba su kira sunan kowa ba.

Shekarar da na shiga kwaleji a Kano na ji shi yana fitowa daga wani ɗakin kwanan ɗalibai. Na leƙa, 'yan mata suna ta rawa. Da shirun ya zo suka ɗaga hannuwa sama suna jiran gangar, ni kuwa sai na tsinci kaina ina waige-waige, ina neman inda aka ajiye ludayi.