Khal Ɗin Ustaz Uzairu

Masarawa ne suka naɗa Uzairu malami, ba su ma san sun yi ba. A Alƙahira duk namijin da ya sa riga mai guga ustaz ne. Har direban da ya gama zagin ka ustaz ne. A Gusau kuwa, garin su Uzairu, sai ka ci littafi ka ƙoshi kafin a kira ka haka. Shekara goma sha huɗu da suka wuce ya zo karatun fiƙihu. Ya yi uku, ya gane shi da nahawu ba sa ga maciji, ya koma yi wa marasa lafiyar gida tafinta a asibitocin unguwar Dokki. Ranar farko wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce, "Ustaz Uzairu, ku shigo." Alhajin da ya rako ya gyara zama. Kafin sati labari ya kai gida cewa akwai wani malami a Masar mai raka marasa lafiya.

Uzairu bai yi wa kowa ƙarya ba. Gyara ne kawai bai yi ba. Ya dai bar gemu, ya rage tsawon wando, don kada kuskuren mutane ya ji kunya.

Sunan nan shi ne jarinsa. Tafintoci sun fi ashirin a garin, wasu sun fi shi Larabci nesa ba kusa ba, amma duk mai turo mahaifiyarsa ko matarsa, hannun Ustaz yake so ta faɗa. Ran da sunan ya faɗi, wayarsa za ta yi shiru, shi ma ya sani.

Shi ya sa a firjinsa akwai kwalbar khal, ruwan tsamin tuffa ɗin nan da kowane shagon maganin Musulunci ke sayarwa a gida. Takardar jikinta gaskiya ta faɗa a da. Yanzu farar giyar inabi ce a ciki. A wata liyafar likitoci a unguwar Ma'adi ya fara ɗana ta, ya ce ya ɗauka lemo ne, kuma da alama shekara shida ke nan bai gama tabbatarwa ba. Yana gaya wa kansa farar ta fi ja daɗi. Ja dai tana barin shaida a leɓe.

Kwana goma sha tara ya yi a hannun Hajiya Ummul-Khairi, wata dattijuwa da aka kawo daga gida. Yanar ido aka zo cire mata, aikin da bai kai rabin awa ba. Sauran kwanakin a kasuwar Ataba suka ƙare, wajen abayoyin jikoki da labule da tukwane. Tana gaba da sanda, Uzairu na baya da ledoji, ɗanta Zubairu na can gefe yana waya.

"Ustaz, gaya masa ya ji tsoron Allah," haka take cewa a kowane shago.

Sai ya juya ya gaya wa mai shago cewa Hajiya ta yaba kayansa.

Ranar Litinin da hantsi ya kai su filin jirgi, ya ɗaga musu hannu da zuciya ɗaya. Ya dawo gida ya yi wanka, ya kunna fanka. Ya yi la'asar tukuna, don shi mutum ne mai tsari. Sannan ya ɗauko kwalbar, ya zuba a kofin shayi, ya zauna ƙafa a kan tebur.

Kurɓin farko sanyi ne kawai. Na biyu ya zo da ɗan tsami irin na mangwaron da ya kusa nuna, da ƙanshin ɓawon lemo a bayansa. Kafaɗunsa suka sauko. Hayaniyar motocin titi ta koma ta wasu. Kwana goma sha tara yana ba da aron bakinsa, yau ya karɓo abinsa.

Aka danna ƙararrawa.

Zubairu ne, Hajiya na bayansa. An ɗage jirgi sai Alhamis, otal kuma ya ba wani ɗakinsu. Uzairu ya samu ya tura kofin bayan labule. Kwalbar kuwa tana tsakiyar tebur tana gumi. Zubairun nan shi ne mai riƙe da zauren WhatsApp na 'yan kasuwar Gusau, inda rabin aikin Uzairu ke fitowa.

Hajiya ta zauna. Idon da Uzairu ya yi ta zirga-zirga aka gyara, shi ya fara sauka a kan takardar kwalbar.

"Khal ne wannan? Ai ni ma an ce in riƙa sha saboda suga. Zuba mini."

"Hajiya, na Masar ne, yana da ƙarfi. Likita ya hana ki tsami."

"Yaushe? Ko a wajen fassara ya hana?"

Ta miƙa hannu ta ɗauka da kanta, ta buɗe, ta kai hanci. Hancin dama bai taɓa neman likita ba. Ta daɗe a haka.

"Inna, ba ni in ɗana," in ji Zubairu. "Cikina tun safe yake murɗawa."

Uzairu ya ji fankar ta daina kai masa iska. Hajiya ta mai da murfi ta murɗe.

"Ya lalace. Zubairu, sauka ka ɗauko mini jakar magani a tasi."

Sai da ta ji ƙarar lif ɗin da ya sauka da Zubairu sannan ta yi magana, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Shekara talatin da ɗaya ina wanke kofin uban yaron nan. Shi a kwalbar maganin basir yake zuba tasa. Har yau Zubairu in ya tuna yadda mahaifinsa ya yi fama da basir, sai ya yi ƙwalla."

"Hajiya, wallahi..."

"Bar wallahin nan ta huta, Uzairu."

Sunan ya zo tsirara, babu komai a gabansa. Ta tashi da sandarta, kwalbar a ɗaya hannun, ta laluba ta gano kicin. Yana zaune yana jin abin da ya yi kwana goma sha tara yana jira yana gangarawa rariya, ta kuma bi shi da ruwa don kada ya yi kewar hanya.

"Ba zan faɗa ba," ta ce da ta dawo. "Wanda ya rufa asirin wani, ka fi ni sanin sauran, kai ne malami."

"Allah Ya saka da alheri, Hajiya."

"Amin. Gobe ƙarfe takwas, Ataba. Akwai labulen da na bari. Wannan karon abin da na ce shi za ka faɗa wa mai shago, na lura da yadda suke yi mini murmushi. Jibi ma haka. Bayan Sallah kuma ƙanwata za ta zo gyaran gwiwa, ita ta fi ni son kasuwa."

Zubairu ya shigo da jakar yana haki.

"Ustaz, a yi mana addu'a mana, tafiyar nan ta ƙi."

Hajiya ce ta riga kowa ɗaga hannu. Ta kafa masa sabon idonta, tana jira.