Bindigar Kakan Mahmuda

Mahmuda maƙeri ne a wani ƙauye kusa da Gwashi. A maƙera ya tashi, garma da lauje ne sana'arsa. Ba abin da yake ji da shi a gidan kamar kayan kakansa: takobi mai jan kube, kwari da baka, da doguwar bindigar toka da aka ce ta ga yaƙi tun kafin zuwan Turawa. Duk bayan girbi yakan shafe su da man gyaɗa ya mayar ya rataye.

'Yarsa Zinatu, malamar firamare a Gummi, ta je taron malamai a Kudu, aka kai su gidan tarihin soja. Da ta dawo ta ce, "Baba, na ga irin bindigar Kaka cikin gilashi, har da sunan garin da ta fito. Ka ba su tamu su adana mana."

Ya yi dariya. "Ɗiyata, mi an nawa da gilashi? Nan aka bar mini ita."

Ba a shekara ba 'yan bindiga suka fara kwashe shanu da mutane a yankin. Haris, ƙanin Mahmuda, ya shiga 'yan sa-kai, ya zo aron bindigar.

"Ta tsufa, Haris. Ɗuri guda take ci."

"Yaya, da hannu za ni tare su?"

Mahmuda ya sauko da bindigar. Kwana biyu ya yi yana gyara mata kunama, ya miƙa masa.

Ranar kasuwa da hantsi 'yan bindigar suka shigo ƙauyen a kan babura. Haris ya harba sau ɗaya. Yana durƙushe yana ɗura albarushi suka same shi. Ko ɗaukar bindigar ba su yi ba, karya ta suka yi suka yar kusa da gawarsa.

Bayan sadakar uku Mahmuda ya kwashe iyalinsa da na Haris suka koma Gummi wajen Zinatu. Yanzu yana wasa wuƙaƙe a bakin kasuwa. Mutane kan zo a ɓoye su roƙe shi ya ƙera musu bindiga, sai ya girgiza kai, ko da ya san su ma tsoro ne ya kawo su. In Zinatu ta ce masa ƙaddara ce, yakan ce, "Na sani. Amma ni na gyara ta."

Damina uku ke nan gonarsa ba ta ga iri ba.