Ciyawar da Tauraro Bai Gani Ba

A shekarun da aka ba mu jiha, ina sayen hatsi da shanu tsakanin Gusau, Tsafe da Bungudu. Ina da aboki malamin gona a Gusau. A ofishinsa na fara ganin takardar hoton da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama: inda tsiro ya fito ta nuna kore, inda babu ta nuna ruwan ƙasa. Ta burge ni ƙwarai.

Akwai wani dattijo Bafulatani da na daɗe ina sayen shanunsa, Baffa nake ce masa. Farkon wata damina ya sauka kusa da Wonaka da garkensa, duk sun rame da rani. Al'adar makiyaya ce a tura mutum ya je ya ga ciyawa da idonsa kafin a tashi. Muka haɗu a kasuwa, ya ce zai tura a duba masa yammacin Bungudu.

Na ce, "Baffa, kada ka wahalar da kowa. Na gani a takarda, Bungudu ƙasa ce tsirara. Ciyawa tana wajen 'Yankuzo."

Ya yi dariya. "Alhaji, yanzu kuma daga sama kake kiwo?"

"Wanda ke sama ya fi mai sanda hange."

"To, ka ce, na ji."

Bai tura kowa ba. Ya kora shanun zuwa 'Yankuzo. Akwai ciyawa can, amma tafiyar ta fi ƙarfinsu. Uku suka kwanta a hanya, har da wata farar saniya, jikar wadda ya gada wurin mahaifinsa.

Bayan mako guda na bi ta Bungudu sayen dawa. Ciyawa ta rufe idon sawu. Na tsaya bakin hanya na daɗe ina kallo.

Na koma wurin malamin gonar da fushi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Alhaji, tauraron nan ba ganye yake taɓawa ba. Hasken rana yake aunawa, wanda ya sauka kan ganyen ya koma sama. Sau biyu hasken ke ratsa iska. In akwai siririn gajimare, ko laimar iska, ko hayaƙin sharar gona, sai kore ya dushe, ƙasa mai tsiro ta fito kamar fako."

Ya ce shi ya sa ake tara hotunan kwana goma a zaɓi mafi haske, amma a kwanakin nan sararin Bungudu bai washe ba. Ya ƙara da cewa ya faɗa mini haka tun ranar farko. Gaskiya ne. Kalar nake kallo, ban saurara ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ni mutum ne da ban taɓa sayen buhu ban soke shi na ga ƙwayar a tafin hannuna ba. Bungudu kuwa ba ta kai tafiyar awa guda ba a mota.

Na je rugar Baffa na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Ya sa aka kawo mini nono.

Ya ce, "Kai ka faɗi abin da ka gani. Ni ne ban tura a gani ba."

Ya ci gaba da sayar mini da shanu har ya rasu. Amma bai sake tambayata inda ruwa ya sauka ba.