Fatar da Aka Yanke a Wuyan Baba

Tanko ne ya sace 'yancin ubana, da aska, a tsakiyar kasuwar Bakori, ina tsaye ina kallo. Ina da shekara tara a lokacin. An gama yankan dawa ke nan, ayarin masu gishiri ya sauka, kasuwa ta cika har jaki ba ya samun wurin juyawa.

Baba a bauta ya tashi. Bayan ya yi shekaru yana noma wa ubangijinsa, tsohon ya 'yanta shi a gaban alƙali da shaidu biyu, aka rubuta masa takarda. Baba bai iya karatu ba. Ya kai ta wurin baduku, aka ɗinke ta cikin jar fata kamar laya, ya rataya a wuya ƙarƙashin taguwa. Ba ya barin ta a ɗaki, saboda gara da gobara. Da ita yake huɗa, da ita yake kwana. In muna tsaron tsuntsaye a gonar gero, ni ina bisa rumfa da majajjawa, nakan hango shi ya miƙe daga tsakanin kunyoyi ya dafa ƙirji, sannan ya ci gaba. Ya sa ni makarantar allo ne don wata rana in karanta masa abin da ke ciki. Yakan ce, "Ka yi sauri ka iya, ina so in ji ta da bakin ɗana."

Shi kuwa Tanko kowa ya san shi, wai mai taimakon jama'a. Ranar kasuwa yakan ratsa cunkoso yana ɗaga murya: "Jama'a, a kula da 'yan sane! Kowa ya dafe nasa!" Mutane su yi ta sa masa albarka, wasu har da ɓarin goro. Ashe da ya yi shelar, hannun kowa sai ya tafi inda ya ɓoye abinsa, mace ta taɓa bakin zane, namiji ya taɓa aljihu. Shi kuma hannuwa yake kallo.

Ran nan, a layin masu sayar da baban rini, ya yi shelarsa, Baba ya dafa ƙirji. Can aka turo shanu, mutane suka matse. Na ga Tanko ya rungumo Baba kamar zai tare shi kada ya faɗi, na ga ƙyallin aska a wuyan Baba. Kafin in buɗe baki ya shige. Baba ya lalubo igiya, igiya kawai. Ya durƙusa yana tona ƙasa da yatsu tsakanin ƙafafun mutane, ana taka shi. Na ce Tanko ne, wani dattijo ya make mini ƙeya, ya ce mutumin da ke tsare mu zan yi wa sharri?

Damina biyu bayan haka tsohon ubangijin ya mutu. Da aka zo rabon gado, 'ya'yansa suka lissafa Baba tare da shanu. Alƙalin ya rasu, shaida ɗaya ya rasu, ɗayan ya bi fatake bai dawo ba. Aka ce ina takarda? Aka tasa shi gaba zuwa wani rinji, ƙauyen bayi, a kudu. Ni an bar ni don uwata ɗiya ce, ba baiwa ba. Na ajiye allo ban kai izu biyar ba, na ɗauki fartanyarsa da ta fi ƙarfina. Yarana yanzu suna langa a ƙofar gida har su gaji, ni daga ranar ban ƙara wasa ba.

Bara, ina da furfurata, Tanko ya aiko a kira ni. Na same shi kwance a zaure, ya ƙanjame, ido ya tafi. Ya ce, "Na zaci layar sa'ar kasuwa ce. Da na farke ban ga hatimin laya ba, sai na cusa ta a murhun mai ƙosai. Ka yafe mini, ɗana."

Na ce, "Kada ka ƙara ce mini ɗana. Ina da uba, kai ka mayar da shi bawa. Abin da ka yanka ba nawa ba ne, balle in yafe. Mai shi ya mutu a inda ko kabarinsa ban sani ba. Ka kusa isa wurinsa, Tanko. Ka roƙe shi da bakinka."