Yadda Muka Kashe Masa Kasuwa

Maƙwabciyata a unguwar Morris Heights mutuniyar Puerto Rico ce. Da na zo daga Kano aikin jinya, ita ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa da kwanon shinkafa da wake. Mama nake ce mata.

Ɗanta ɗaya, bakanike, har da matarsa. Wani mai tsayawa a ƙofar benenmu yana sayar da hodar iblis shi ya jefa shi a sha. Muka kai shi gidan maganin masu shaye-shaye, amma can Turanci kawai ake yi, kuma aka hana uwarsa shiga, wai ƙa'ida ce. Shi kuwa abin da ke cin ransa da Sifaniyanci, harshensu na gida, yake iya faɗa. Bai daɗe ba ya gudo. Lokacin zafi aka tsinci gawarsa a matakala.

Da muka dawo daga maƙabarta, mai hodar yana nan inda ya saba, yana shan lemo. Har da yi mana sannu.

Mama ta ce, "'Yata, ba shi zan kashe ba. Kasuwarsa zan kashe."

Na ce, "Da ni za a yi, Mama."

Washegari muka fito da kujeru muka zauna dab da shi. Duk wanda ya zo saye, Mama ta san uwarsa ko kakarsa. Sai ta kira shi da sunan da ake kiransa a gida, ta ce, "Ka ci abinci yau?" Wasu su zage ta. Wasu su sunkuyar da kai su bi ta zuwa ɗakin ƙasa na cocinsu, inda fada, limamin cocin, ya ba mu wuri. Can da harshensu ake magana, iyaye mata na zaune, tukunya na kan wuta. Ni nake duba masu amai da rawar jiki, in raka wanda abin ya yi wa tsanani asibiti. Musulma ce ni, ba wanda ya damu.

Duk sanda wani ya juya masa baya ya bi mu, fuskar mai hodar nake kallo, in ji sanyi har cikin raina. Ya yi mana barazana, ya fasa tagar Mama. Muka ƙaro kujeru, matan bene suka sauko.

Kafin sanyi ya shigo ya tattara ya bar unguwar. Daga baya muka ji an ɗaure shi. Mama ta ce ta bar shi da Allah. Ni kam har yau ban yafe masa ba.