Ranar da Baba Ya Tuƙa Kwalekwale

Babanmu direban tasi ne tun kafin a haife ni. Bai taɓa buge ko kaza ba, sai bara da ya buge ƙofar gidanmu, ya fito yana tambayar wanda ya matsar da ita. Likita ya ce idanun sun tafi. Baba ya ce na likitan ne suka tafi. Ni na ɗauke makullin motar, don duk gidan, har yayana, ba mai ƙarfin halin, sai surutu.

Wata Asabar ya ce in raka shi tafki, inda ake hayar ƙananan kwalekwalen roba masu cin mutum ɗaya. Sharaɗinsa: in ya zaga ya dawo bai taɓa komai ba, in miƙo makulli. Na ce to, ruwa dai ba shi da ƙofa.

Aka ɗaura masa rigar ceto, ya ce ta yara ce. Kowa ya shiga kwalekwalensa, ya riƙe filafilin tuƙi kamar sitiyari, ya ce, "Auta, wuce gaba, kar ki ɓata a bayana."

Wallahi ya iya! Duk inda na karya, ya karya. Muka shiga wani siririn rafi mai dogayen ciyayi, shiru sai kukan kwaɗi, yana ta yi wa agwagwa faɗa kan rashin bin hannu. Har na fara jin kunya. Can sai na lura: in na daina tuƙi, shi ma ya daina. Ƙarar filafilina yake bi.

Mugunta ta zo mini. Na janye gefe, na ɗaga filafili, na yi tsit.

Baba ya wuce ni kaɗan ya tsaya. Ya duba dama, ya duba hagu. Da na miƙa hannu da na taɓa kafaɗarsa.

"Auta?" Ciyawa yake kallo. "Auta!"

Ban taɓa jin tsoro a muryarsa ba sai ranar, kuma na tsani kaina.

"Ga ni, Baba."

"Ai na gan ki," in ji shi.

Muka juyo a hankali, ina ta bugun ruwa da ƙarfi. Sai da muka kusa gaɓa ya yi gyaran murya.

"Ki gaya wa yayanki, in zai ja motar, giya ta biyu tana son lallashi. Kar ya yi mata dole."