Magazar da Muka Gina a Gaban Majalisa

Shekarar da mutanen furoje, masu aikin taimakon karkara, suka zo garinmu, can gefen Korahane, da maganar gina magazar hatsi, wato ɗakin ajiye hatsi a sayar wa jama'a da rahusa, ni ma aka sa ni cikin komite, saboda na yi lakwal, wato boko, har aji huɗu kafin mushe, malaminmu, ya gaji da ni. A garinmu wannan ilimi ne mai nauyi.

Muka zauna zaɓen wuri kamar masu rabon gado. Aka ce ban da kwari, ruwan damina zai shiga. Ban da bayan tudu, kamiyo, babbar motar da ke tasowa daga Dakoro da hatsi, zai kafe cikin rairayi. Gabas akwai gara. Yamma burtali ne. Sai liman ya kawo maganar ɓarayi, ya ce dukiyar jama'a sai idon jama'a. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni da ilimina. Aka gina ta bakin hanya, ƙofarta na kallon itacen bedin da dattawa ke zama ƙarƙashinsa tun hantsi har la'asar.

Gini ya yi kyau. Ruwa bai taɓa shiga ba, ɓarawo bai taɓa gwadawa ba.

To amma a wurinmu magidanci ba ya bari a san rumbunsa ya ƙare. Rumbuna bayan gari suke, kowa ya je nasa, ba mai leƙa na wani. Wanda ya nufi magaza da buhu a hannu kuwa ya yi shela ke nan. Ba mai ce masa komi. Za a amsa sallamarsa da kyau, a tambaye shi mutan gida, a bi bayansa da ido.

Ana tsakiyar noman fari hatsin yayana ya ƙare. Na gane ne da furar gidansa ta koma ruwa. Na iske shi zaune yana gyaran ƙotar hauya.

"Yaya, akwai hatsi a magaza, kuma da rahusa."

"Na ji, Mushe." Haka yake kirana in yana yi wa bokona ba'a.

"Ko ni in ɗauko maka?"

"Kai da kowa ya san rumbunka da saura? Su ce na wa ne?"

"To a aiki maiɗakinka mana."

"Ina gindin bedi ina kallonta da ƙwarya? Kai dai karatun ga bai bar ka da komi ba."

Na kama hanyata.

Ranar kasuwa ya kwance san da ke ja masa amalanke, ya kora shi Dakoro, ya sayar. Ya sayi hatsi da tsada hannun ƴan kasuwa, inda ba wanda ya san ubansa. Ya dawo ta bayan gari, buhunan lulluɓe da tabarma.

Washegari ya zo majalisa ya zauna wurinsa. Wani ya ce ina san nan, bai gan shi turke ba. Yaya ya ce ya tsufa. Aka ce ai kuwa, ya tsufa. San da ko bara ɗan maraƙi ake ce masa. Aka koma hirar ruwa.

Magaza ta ci gaba da aiki. Makiyaya na zuwa, mutanen wasu garuruwa na zuwa, su ba a san rumbunansu ba.

Da kaka na gamu da yayana a hanyar gona, damen hatsi a kansa, yana tafe yana hutawa. Na ce ga amalankena, a ɗora. Ya ce in wuce, likita ya ce masa ya dinga motsa jiki. Na ce Allah ya ƙara lafiya. Ya ce amin. Na kaɗa sa na wuce.